Yadda Na Zama Dakta Gwanda a Ƙofar Asibiti

Kafin a laƙaba mini Dakta Gwanda, ni direban keke mai ƙafa uku ne a Jimeta, kuma iyakar cutar da na iya ita ce in ɗan ƙara wa baƙon da bai san gari ba kuɗin hanya. Sunana na yanka ba zan faɗa ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da na jawo mata ta ishe ta. Ku matasa ku saurara. Inda abin ya ba ku dariya ku yi, ni ma yanzu ina yi, amma a lokacin ba kowa ne ya yi dariya ba.

Mu mutanen Borno ne. Da tashin hankali ya yi tsanani muka baro garinmu da abin da hannu zai iya ɗauka, muka sauka a Damilu wajen ƙanin mahaifina, wanda yake karantar da yara. Mahaifina bai daɗe ba ya rasu. Sai ya zama ni ne babba a ɗaki, ga Ya, wato mahaifiyata, ga ƙannena mata. Karatuna na boko bai yi nisa ba. Wani ɗan kasuwa ya tausaya mana ya ba ni keke ina ja.

A wancan lokaci gari ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Asibiti kuwa ba masaka tsinke: wasu a gado, wasu a baranda, masu jinya a gindin bishiya da tabarmi da risho. Na lura ƙofar babban asibiti ta fi ko'ina fasinja, sai na mai da wurin tashata.

Wata rana wata dattijuwa Bafulatana ta shigo kekena, idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce, "Ɗa na, ka san inda zan samu ganyen gwanda? Yaro na ne yana kwance. Likita ya ce filatilet nashi ya sauka. Wani mata a ɗakin ya ce mini ruwan ganyen gwanda yana ɗaga shi."

Ban taɓa jin kalmar ba, na ɗauka ma sunan wani ƙashi ne. Amma na san wani gida a Bekaji da gwandarsa ta leƙo ta saman katanga. Na kai ta can, na taka rufin keke, na karyo mata ganye cike da mayafi. Ta miƙo mini abin da ya fi aikin yinina. Na ce, "A'a Dada, ki bar shi," amma hannuna ya riga bakina isa.

Yaron ya warke, aka sallame shi. Daga baya na fahimci zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma allurar likita ce ta tashe shi. Sai dai allura ba ta da baki, Dada kuwa tana da shi. Kafin ta bar asibiti ta nuna wa kowa ni da yatsa. Washegari na tarar da mata suna jirana a bakin ƙofa, kowace ganye take so.

Haka na bi gwandojin Bekaji gida gida. Unguwa ce ta ma'aikata, da hantsi kowa ya tafi ofis, ni kuma in zo da keke kamar mai jiran fasinja. Ba a jima ba duk gwandar unguwar ta koma kamar turken wuta, sanda tsaye ba ko ganye. Akwai wani tsohon hedimasta da ya hau kekena yana ta ƙorafi. Ya ce, "Wata sabuwar cuta ce ta shigo gari, gwanda tana aske kanta. Zan kai rahoto ma'aikatar gona." Na ce, "Allah ya kyauta, Malam, zamani ne." Buhun da ya ɗora ƙafarsa a kai, ganyen gidansa ne a ciki.

Da a nan na tsaya, da ɓarawon ganye kawai za a kira ni. Sai na haɗu da wani mai sayar da tsofaffin kwalabe a kasuwa, ana ce masa Ɗan Ikko, saboda ya taɓa zama can kuma bai yarda kowa ya manta ba. Ya dubi buhuna ya yi tsaki. Ya ce, "Mai firen, yu no get sens. Ganye abincin akuya ne. Daka shi, tace shi, zuba a kwalba, liƙa takarda, ya zama magani." Na tambaye shi ko ya san mene ne filatilet. Ya ce, "Haba! Turanci ne fa. Filet shi ne faranti. Filatilet kuma ƙaramin faranti. Shi ke nan." Wannan shi ne duk karatun likitancin da na yi a duniya, kuma a tsaye na yi shi.

Shi ya samo mini farar riga a wajen 'yan gwanjo, da tabarau marar magani, da abin nan da likita ke rataya a wuya yana awon ƙirji, kunne ɗaya a toshe. Na mayar wa mai keke kekensa, na ce masa na samu aikin gwamnati. Na riƙa shiga asibiti lokacin ziyara, ina tafiya da sauri ina ɗaure fuska. Na gano cewa idan kana sanye da farar riga kana sauri, ba mai tambayarka ina za ka. Har maigadi yakan miƙe ya gaishe ni.

Mahaifiyata Ya ita kaɗai ce ban iya ruɗa ba. Ta ga rigar a kan igiya ta ce, "Ta wace ce wannan?" Na ce wani likita ne yake ba ni wanki. Ta shinshina ta, ta dube ni ta ce, "Wannan likitan naka, hammatarku ɗaya da shi." Daga ranar ta daina karɓar cefanena. Da na ji wannan gargaɗi, da ban kwana a gidan yari ba.

Gwanda ta ƙare a Bekaji, masu sauran bishiyoyi kuma sun fara ɗaure karnuka a gindinsu. Ɗan Ikko ya ce ai mutane ɗaci suke saye, ba gwanda ba. Sai muka koma ganyen dogon yaro, wanda yake ko'ina kyauta. Muka ƙara kalar da ake sa wa alawa don ya yi kore shar. Da wasu suka ce ba sa jin canji, sai muka fara daka ƙwayar ciwon jiki muna zubawa, don mutum ya ji jikinsa ya saki ya ce magani ya karɓe shi. Ban sani ba, ashe irin wannan ƙwaya tana ƙara hana jini tsayawa. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba, don ba na son amsar ta ɓata mini ciniki.

A haka na gamu da Bappa Hammanjoda. Dattijo ne daga cikin garin Yola, tsohon ma'aikaci mai tsafta da son girma, ko a gadon asibiti da hularsa yake kwanciya. 'Yarsa Adda Dudu, malamar makaranta, ita ke jinyarsa tare da ƙanwarsa da kowa ke kira Goggo. Likitoci sun ce filatilet ɗinsa ya sauka ƙwarai, a nemo mutane su ba da jini a ƙara masa, kafin a gano abin da ke cinye shi. Bappa ya ƙi. Ya ce, "Ni ban san kakan mai jinin ba, a ɗura mini shi a jiki? Ba da ni ba."

Goggo ce ta kawo ni bakin gadonsa. Na ɗora masa abin awo ta saman babbar riga, ina kaɗa kai, alhali ba abin da nake ji sai gurnanin cikina. Ya ce, "Dakta, ka yi mini bayani. Yaran nan Turanci kawai suke zuba mini."

Na gyara tabarau na ce, "Bappa, a cikin jinin kowane mutum akwai ƙananan farantai. A kansu jini yake cin abinci. Naka sun farfashe, shi ya sa jinin ya rame. Wannan magani yana ɗinke su. Ba ka bukatar jinin kowa."

Ya lumshe ido ya ce, "Useko, na gode, Dakta. Tun da na shigo asibitin nan, wannan ne bayani na farko da na gane."

Adda Dudu ba ta yarda ba. Ta ce a bari a tambayi likitan da ke duba shi. Na ce mata likitoci suna kishin juna, kada a faɗa musu, a zuba maganin a filas ɗin shayi. Bappa ya daka mata tsawa, ta haƙura. Samarin danginsu da ta tara don ba da jini, aka ce su koma gida. Na san abin da na yi ke nan, na raba mutum da taimakon da ya zo har ƙofarsa. Na fita ina jin daɗin cewa na samu babban kwastoma.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina tsaye a baranda ina cin awara a leda, sai na ji an finciki rigata. Adda Dudu ce, ko mayafi babu. Ta ce, "Dakta, ka zo! Bappa yana haɓo, ya ƙi tsayawa!" Na so in ce ina da tiyata, amma ta riga ta ja ni har cikin ɗaki.

To, akwai abin da ban gaya muku ba. Ni tun ina yaro ba na iya kallon jini. Ko ragon layya za a yanka sai in ƙirƙiri aike. Na shiga na ga Bappa a zaune, jini ta hanci, jini ta dasashi, matashi ya jiƙe, farar rigarsa ta rine. Duk ɗakin aka juyo ana cewa, "Alhamdu lillahi, ga Dakta." Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fanka tana tafiya gefe. Daga nan ban san komai ba.

Na farfaɗo a ƙasa, kaina a cinyar Goggo, tabarau a karye. Likitoci na gaskiya sun kewaye gadon Bappa suna ta aiki. Goggo kuwa, baiwar Allah, ta buɗe filas ta kafa mini a baki tana cewa, "Wayyo, Dakta ma farantin shi ya fashe! Sha, ɗa na, sha maganin ka." Na ga koren ruwan nan yana matsowa, na datse haƙora kamar an sa kwaɗo. Ta tura, na kau da kai. Ta toshe mini hanci, na gwammace in sake suma.

Babbar nas tana tsaye tana kallonmu. Ta karɓi filas ɗin ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Dakta, kai a wane sashe kake?" Kaina bai gama dawowa ba, na ce, "Sashen farantai." Ta ce, "Madalla. To sha mu gani." Na ce ina azumi. Ta dubi ledar awarar da ke hannuna har yanzu.

Sai wata matashiyar likita ta baro gadon, safar hannunta duk jini, ta durƙusa a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ban damu da ko kai wane ne ba. Ka faɗa mini abin da ke cikin ruwan nan yanzu, domin ran dattijon nan yana kan amsarka." Na faɗa mata duka. Da na ambaci dogon yaro da kalar alawa wasu sun yi dariya. Da na ambaci ƙwayar ciwon jiki, sai na ga fuskarta ta canza. Ta tashi da gudu tana ba da umarni. A wannan fuska na fara gane girman abin da na aikata. Adda Dudu ba ta zage ni ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya a kunne, tana kuka tana roƙon mutanen da aka kora su dawo.

Babbar nas ta bi gado gado tana cewa kowa ya fito da harshensa. Kusan rabin ɗakin kore ne kamar sun yi kiwo. Filas ya yi ta fitowa daga ƙarƙashin gado, daga cikin kwando, har daga cikin buta. Masu gadi ne suka cece ni daga masu jinya, suka kulle ni a ɗakinsu har 'yan sanda suka zo. Maigadin da ke miƙewa ya gaishe ni shi ya fi kowa jin haushi, ya ce sai na biya shi duk gaisuwarsa. Ɗan Ikko kuwa kafin a isa rumfarsa ya cika wa rigarsa iska. Har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

A kotu ban yi gardama ba. Alƙali ya ce in maimaita bayanin da na yi wa Bappa. Na maimaita, har ɗan sandan da ke riƙe da ni ya juya baya kafaɗarsa tana rawa. Tsohon hedimastan Bekaji ma ya zo, ya ce shi ba shaida aka kira shi ba, ya zo ne ya ga cutar gwanda da idonsa. Amma da Adda Dudu ta tsaya ta faɗi yadda suka kwana suna neman jini, dariya ta ɗauke. Aka yanke mini shekaru. Ya tana zaune a bencin baya, ba ta ɗago kai ba har aka fita da ni.

Labari ya riga ni isa gidan yari cewa an kawo likita. Ranar farko fursunoni suka yi mini layi, mai ƙazuwa, mai basir, mai ciwon ciki. Shugaban ɗakinmu, wani ƙato da kumburarren kunci, ya ce in duba masa haƙori, zai ba ni wurin kwana kusa da taga. Wallahi sai da bakina ya fara haɗa masa magani. Akwai dogon yaro a tsakar gidan, ina hango shi. Sai fuskar likitar nan ta faɗo mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san komai ba. Direban keke ne ni." Ya kwaɗa mini mari, aka kai ni kusa da bokitin fitsari. A nan na kwanta, kuma na daɗe ban yi barci mai daɗin wannan ba.

A ciki na koyi kafinta. Ma'aikacin lafiya na gidan, da ya gama yi mini dariya, shi ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiyar abin. Ba farantai ba ne. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a cikin jini da ke taruwa su toshe inda ya ɓalle. Abubuwa da yawa kan sa su ragu: zazzaɓi, ciwon hanta, wani magani da mutum ke sha, ko matsala a ɓargo. Tun da dalilin ba ɗaya ba ne, kwalba ɗaya ba za ta yi wa kowa ba. Na tambaye shi ganyen gwanda fa? Ya ce shi ba zai rantse cewa ba shi da wani amfani ba, amma ko mene ne mutum zai sha, likitan da ke riƙe da shi ya sani.

Da aka sake ni, na dawo Damilu na tarar Ya ta tsufa fiye da shekarun da na yi. Ta ba ni ruwa, amma ta ce ba zan ci tuwonta ba sai na je na durƙusa gaban mutumin nan. Ita ta raka ni har cikin Yola, a keken wani.

Bappa yana raye. Muka same shi a zaure a kan kujera, da hularsa. Sai dai jinin ya zuba har cikin idonsa na hagu, idon ya tafi ke nan. Na zube ina kuka ina neman gafara. Ya ce, "Wane ne? Dakta ne? Matso ta wannan gefe, wancan idon ka riga ka tafi da shi." Na rarrafa na koma dama. Ya dube ni ya ce, "Laifin mu biyu ne. Kai ka sayar da ƙarya, ni kuma girman kai ya sa na saya. Ka san wa ya cece ni? Dangi ba su iso da wuri ba. Ɗalibai ne da wasu masu jinya da ban taɓa gani ba suka miƙa hannu. Yanzu ban san kakan wa ke yawo a jiki na ba, amma yana aikin shi lafiya lau."

Ya ce ya yafe, da sharaɗi ɗaya: duk lokacin da aka nemi jini kuma nawa ya dace, in je in bayar. Na ce, "Bappa, ka san fa halina da jini." Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na zaɓa maka."

Adda Dudu ta kawo wa Ya ruwa, ta gaishe ta da ladabi. Da na buɗe baki ta ce, "Bappa ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna." Har yau idan mun haɗu takan amsa sallamata ta wuce, kuma ban ga laifinta ba. Akwai kuma waɗanda suka sayi kwalabena suka tafi garuruwansu, ban san yadda suka ƙare ba. Wannan shi ke hana ni sakewa.

Yanzu ina da 'yar rumfar kafinta a Yolde Pate, ina yin benci da ƙofa. Alƙawarin Bappa ina cika shi. Nas-nas sun san ni, da na shigo sai su ce a kawo tawul, su rufe mini fuska kamar amarya kafin su soka allura. Wani lokaci duk da haka sai an yayyafa mini ruwa.

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. Idan naku yana kwance a asibiti, kada ku ɓoye wa likita abin da kuke ba shi, ko ganye ne, ko saiwa, ko na gadon kaka. Idan aka ce a nemo jini, ku naɗe hannun riga ku bayar. Wanda ya ce muku a sha a ɓoye, ku guje shi, ko rigarsa ta fi madara fari. Kai kuma saurayi da talauci ya matsa, na san yadda yake, na kwana da yunwa a garin da ba namu ba. Amma kada ka ci abinci da tsoron mai jinya, domin mutumin da nasa ke kan gado zai sayi ko ruwan kwata ne idan ka ɗaure fuska. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. Iyakarta a yi maka dariya, ko a mare ka. Ba a taɓa ɗaure kowa a kanta ba, ba kuma wanda ya taɓa rasa ido.